Rinin hoton ido a bazarar Kano: littafin gwajin fuloresin da ICG

2 ga Maris

Yau aka buɗe littafin nan. Tambayar da ta haifi aikin ta daɗe tana kai-komo tsakanin sashen ido da ɗakin magani: rinin da ake yi wa majiyyaci allurarsa a jijiya kafin a ɗauki hoton bayan ido, me bazarar Kano ke yi masa? Takardar cikin kwali ta ce kada zafin ma'ajiya ya wuce digiri 25. Mu kuwa daga ƙarshen Maris zuwa Mayu rana kan kai 40 har ta ɗara, sito rufin kwano ne, wuta kuma ba kullum ba.

Rini biyu za mu bi. Na farko fuloresin, wanda Adolf von Baeyer ya fara haɗawa a Jamus a 1871, Novotny da Alvis kuma suka bayyana yadda ake ɗaukar hoton jijiyoyin bayan ido da shi a 1961. Yana shan shuɗin haske a wajen nanomita 490 (nanomita awon zangon haske ne, shi ke nuna launinsa), ya amayar da kore a wajen 515. Da wannan ƙyalli likita ke gane inda jijiya ke yoyo a idon mai ciwon suga. Na biyu ICG (indocyanine green), koren rini da aka amince da shi a Amurka a 1959. Nasa ƙyallin ido ba ya gani, yana can gaba da ja, wajen 830, shi ya sa yake nuna jijiyoyin da ke ɓoye ƙarƙashin tantanin bayan ido. Hanta ce ke kwashe shi daga jini, cikin minti 3 zuwa 4 rabinsa ya fita.

Ƙa'ida ɗaya babu sassauci a kanta: duk kwalbar da ta shigo teburin gwaji ta bar hannun majiyyaci har abada. An shafa wa kowace jan fenti a wuya.

4 ga Maris

Kayan aiki: sifektirofotomita (na'urar auna yawan hasken da ruwa ya sha) mai auna daga nanomita 340 zuwa 1000, kubet biyu na gilashi (mazubin samfuri a cikin na'urar) masu faɗin santimita 1, sikeli, fifet (bututun ɗibar ruwa da awo), kwalaben awo na mililita 25, 50 da 100, da inkibeta (akwati mai riƙe zafi wuri ɗaya). Daga ɗakin magani an ba mu kwalaben allurar fuloresin kashi 10 guda shida, da ICG na miligiram 25 guda uku, duk waɗanda wa'adinsu ya kusa aka janye su daga amfani.

Abin da aka saya: na'urar auna ƙarfin haske naira 28,000, ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa guda biyu naira 14,000, takardar alminiyam daga Sabon Gari naira 3,000, kwalabe masu ruwan ƙasa dozin ɗaya naira 6,000.

6 ga Maris

Tsinka rini. Fuloresin na allura ya yi kauri ƙwarai, na'ura ba za ta iya karanta shi ba sai an tsinka shi sau 50,000. Kada a yi da tsalle ɗaya, kuskuren fifet zai cinye sakamakon. Mun yi hawa uku: mililita 1 a cika zuwa 100, daga nan mililita 1 a sake cikawa zuwa 100, sannan mililita 10 a cika zuwa 50. Ruwan tsinkawa sodiyam haidiroksaid ne, giram 4 a lita ɗaya.

Lissafinmu ya ce a ga karatun shan haske 0.41 a nanomita 490. Na'ura ta ce 0.46. Aka sake haɗi daga farko, 0.46. Sai da muka koma kan rubutun kwali muka gano bakin zaren. Miligiram 100 da aka rubuta a kowace mililita na fuloresin ne tsurarsa, mai nauyin mola 332 (mola awon ƙidayar ƙwayoyin sinadari ne), mu kuma mun yi lissafi da gishirinsa na sodiyam mai nauyin 376. Miligiram 100 na wancan daidai yake da 113 na wannan. Da aka gyara, kwalbar allura ta zama mola 0.30 a lita, haɗin ƙarshe mikiromola 6, a ninka da kusan 77,000, wato adadin ƙarfin shan hasken fuloresin, sai ga 0.46 cif. Kamfanoni ba salon rubutu ɗaya suke bi ba, don haka duk mai maimaita aikin nan ya karanta kwalinsa da kyau. Bambancin kashi 13 ne, ya isa a zargi rini mai lafiya ko a wanke wanda ya lalace.

9 ga Maris

An raba samfura, an manna lamba. Fitilar na'ura sai ta yi minti 30 a kunne kafin karatu ya tsaya wuri ɗaya. An ɗora ta kan inbata, domin duk sauyi daga wuta zuwa janareta yana girgiza sifilin da na'ura ke fara awo daga gare shi.

11 ga Maris

Ranar asara. Samfuran ajiya da muka haɗa shekaranjiya da tataccen ruwa duk sun faɗi, har wanda ke naɗe cikin duhun firij. A 490 karatu bai kai rabin na farko ba, koren ya dushe ya koma rawaya. Da an tsaya nan, da an rubuta cewa fuloresin ba ya kwana biyu, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Abin da ya tona asiri shi ne siffar layin da ke fitowa idan aka zana karatun kowane nanomita. Ƙololuwar ba gajarta kawai ta yi ba, ta baje ta matsa wajen 450 zuwa 475. Rinin da haske ya kashe ba ya yin haka. Muka ɗiga ɗigo ɗaya na sodiyam haidiroksaid a kubet, nan take kore ya dawo, karatu ya koma inda yake. Rinin na nan da ransa, tsami ne ya rufe masa baki.

Ga dalili. Fuloresin na sauya kama gwargwadon pH, wato awon tsami ko kanwar ruwa. Kamar da ke ƙyalli sosai ita ce ta ruwan kanwa-kanwa. A pH 6.4 rabin rinin ne kawai ke cikinta, a 7.4 wajen kashi 90, daga 9 zuwa sama kusan duka. Tataccen ruwa kuwa da ya sha iska yana jan iskar kabon, ya gangara ƙasa da 6, kuma ba shi da abin da zai riƙe shi. Shi ya sa ma masu haɗa allurar ke ajiye ta tsakanin pH 8.0 da 9.8. Masu rini a Ƙofar Mata sun riga mu sanin irin wannan: baba shi kaɗai a ruwa ba ya kama yadi, sai da toka.

An zubar da samfura goma sha biyu. Kwana biyu da rabin kwalbar allura sun tafi.

13 ga Maris

Sabon tsari. Samfurin ajiya zai zauna a bafar fosfet (ruwan da ke riƙe pH kada ya motsa) mai pH 7.4, kusa da na jini, a kaurin mikiromola 12. Lokacin karatu a ɗebi mililita 2, a haɗa da mililita 2 na sodiyam haidiroksaid mai giram 8 a lita. Kowane samfuri zai iso na'ura a yanayi ɗaya, duk abin da ya ragu kuma ya ragu ne da gaske. A auna ƙwayoyin sodiyam haidiroksaid da hanzari, suna tsotsar laima tun suna kan sikeli.

17 ga Maris

Wuraren ajiya biyar: firij, durowa, kan tebur ƙarƙashin fitila, bakin taga ta gabas, da inkibeta a digiri 40. A kowane wuri kwalba uku: fara, mai ruwan ƙasa, da fara da aka naɗe ruf da takardar alminiyam. Ta ukun ita ce shaida. Tana shan zafin da 'yan'uwanta ke sha amma ba ta ganin haske, da ita za a raba laifin rana da laifin zafi.

Ƙa'idar ICH (majalisar ƙasa da ƙasa mai daidaita ƙa'idojin magunguna) ta gwajin haske tana neman magani ya sha haske aƙalla miliyan 1.2 idan aka ninka lukus, wato awon ƙarfin haske, da awanni. Fitilar ɗakinmu lukus 500 take bayarwa a kan tebur, wato sai an yi awa 2,400, kwana 100 ba kashewa. Tsakar rana a fili kuwa wajen lukus 100,000 ce, awa 12 sun gama aikin. Mai ɗauko kwalba daga sito ya ratsa tsakar gida da ita a tafin hannu ya riƙe wannan lissafi.

19 ga Maris

Gwajin rana a tsakar gida, daga ƙarfe 10 zuwa 2. Duka ukun sun fara da 0.46. Bayan awa huɗu farar kwalba 0.24, mai ruwan ƙasa 0.40, naɗaɗɗiya 0.46. An ƙara sodiyam haidiroksaid, babu abin da ya dawo. Wannan koɗewa ce ta gaske.

Naɗaɗɗiyar ta yi zafi har ba ta riƙuwa, amma ko gezau. Ke nan awa huɗu na zafi ba su taɓa fuloresin ba, haske ne ya ci kusan rabi. Yadda abin ke faruwa: ƙwayar rini ta sha haske ta ɗauki ƙarfi, akasari ta amayar da shi a matsayin ƙyalli ta koma daidai. Jefi-jefi sai ta maƙale a wani matsayi mai daɗewa, a nan take karo da iskar oksijin da ke narke a ruwa, ginin da ke ba ta launi ya karye, ba ya kuma gyaruwa.

Kwalba mai ruwan ƙasa ita ce ta fi damunmu, domin ita kowa ya amince wa. A ɗakunan magani, da zarar an ce abu ba ya son haske sai a juye shi cikinta, hankali ya kwanta. Amma gwajin da ake yi wa wannan gilashi tsakanin nanomita 290 da 450 ne. Fuloresin a 490 yake shan haskensa, ya ɗan haura katangar. ICG kuwa a wajen 780 yake, inda gilashin ke barin haske ya wuce abinsa. Ga waɗannan rini biyu, kwalin da suka zo ciki ya fi kwalbar tsaro, takardar alminiyam ta naira 3,000 kuma ta fi duka. Al'adar yar da kwali don a samu wuri a kan shelf ya kamata ta tsaya.

24 ga Maris

Karatun mako. Firij, durowa da duk naɗaɗɗu ba su motsa ba. Farar bakin taga ta kusa zama ruwa. Ta kan tebur ta ɗan sauka.

28 ga Maris

Samfuran inkibeta sun haura zuwa 0.50. Rini ba ya haihuwa, ruwa ne ya gudu. Murafan roba na turawa ba sa riƙe tururi a digiri 40, ga iskar bazara a bushe. Haɗarin shi ne ƙafewa na iya ɓoye lalacewa: rini ya ragu da kashi 5, ruwa ya ragu da kashi 5, na'ura ta ce lafiya lau. An koma kwalabe masu murfin murɗawa, naira 4,500. Daga yau kowace kwalba sai ta hau sikeli bayan kowane ɗiba da kuma kafin na gaba, a gyara lissafi da abin da ya ƙafe. Jerin inkibeta ya koma farko.

2 ga Afrilu

Duk abin da ya gabata kan tsinkakken rini ne. Ita kwalbar allura da ba a fasa ba fa? Ɗaya ta yi mako biyu tsirara a bakin taga, ɗaya a kwalinta cikin durowa. An fasa su yau, an tsinka kowace sau uku daban-daban. Bambancinsu bai wuce wanda ke tsakanin maimaici ukun ba.

Kauri ne ya cece ta. A mola 0.30 shuɗin haske ba ya shiga ko kaurin gashi, siririn rinin da ke manne da gilashi ne ke shanye shi, na ciki na zaune a inuwa. Abin da ya koɗe ɗigo ne a cikin kogi. Wannan ba lasisin shanya allura a taga ba ne. Na'urarmu launi kawai take gani, ba ta ganin ɓaraguzan da rinin ya karye ya zama, su kuma jijiyar mutum za su shiga.

7 ga Afrilu

Ranar ICG. Garin na narkewa ne da ruwan allura, wato tsarkakken ruwa marar gishiri, mililita 10, ya ba da miligiram 2.5 a kowace mililita. Takardarsa ta ce a yi amfani da shi cikin awa 6, a zubar da saura. Tsadarsa ce ke sa mutane tambayar ko za a iya ɗaga ragowar zuwa gobe.

Da gangan muka fara da kuskuren da aka fi yi: ɗan garin a ruwan gishirin asibiti kai tsaye. Bai narke sumul ba, ya yi gudaji-gudaji, wasu suka manne a gilashi. Gishiri na sa ƙwayoyin ICG su rungumi juna su dunƙule. Ruwan allura ne farko, kullum.

Kwalba ta biyu an narka ta daidai. An tsinka sau 1,000, an karanta a 780 da kuma 700. Dalilin karatu biyu: ƙwayar da ke ita kaɗai a 780 take sha, waɗanda suka haɗu bibbiyu a wajen 700. Idan kafaɗar 700 ta taso, rinin bai mutu ba, dunƙulewa ya yi, dunƙulalle kuma ƙyallinsa kaɗan ne. Wannan ne ya sa ƙara ICG fiye da kima ba ya ƙara hasken hoto, rage shi yake yi.

Tambaya biyu ce a nan, kada a cakuɗa su. Ɗaya, me ke samun kakkauran haɗin da ke cikin kwalbarsa. Biyu, me ke samun wanda aka riga aka tsinka. Zafin ɗaki digiri 34. Bayan awa 6, kakkauran, da aka ɗiba aka tsinka sabo, bai nuna canjin da za mu iya rantsuwa a kai ba. Tsinkakken da ke duhu ya rasa wajen kwata. Na ƙarƙashin fitila ya fi haka, kuma tsakanin farar kwalba da mai ruwan ƙasa babu wani abin a zo a gani. Ga fuloresin duhu ya wadatar. ICG kuwa ruwan kansa abokin gaba ne, haske da zafi sai su ƙara masa gudu.

8 ga Afrilu

Abin da ya rage a tsinkakken jiya bai kai sulusi ba. Kakkauran ya ɗan sauka kaɗan.

Ɗakin jini ya ba mu albumin (furotin na jini) ɗin shanu na gwajin dacewar jini. Da aka zuba shi a sabon haɗi, ƙololuwa ta matsa daga 780 zuwa wajen 800, kafaɗar 700 ta kwanta, rinin kuma ya jure yini guda fiye da na ruwa zalla nesa ba kusa ba. Haka yake yi a jini, inda kusan duka yake kama furotin. Sai dai wannan albumin na ɗauke da sodiyam azaid don kada ya ruɓe, azaid kuma sananne ne wajen kashe kaifin oksijin ɗin da ke karya rini. Ba za mu jingina duk nasarar ga albumin ba sai an samu marar azaid.

Ko da kakkauran ya jure, awa 6 na nan daram. Babu maganin ƙwayoyin cuta a cikin kwalbar, da zarar allura ta huda murfi lissafi ya tashi daga na sinadari ya koma na tsabta.

14 ga Afrilu

Kwana biyu babu wuta, janareta na hutawa da dare. Ma'aunin firij ya nuna mafi sama 23, mafi ƙasa kuma ƙasa da sifili a jikin bangon baya lokacin da wuta ta dawo. Samfurin da ke jingine da bangon ya daskare, an cire shi daga lissafi. Takardar fuloresin ta hana daskarewa, don haka firij mai hawa da sauka ba lallai ya fi durowa ba.

Mun gwada tukunya cikin tukunya, dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama. Tukwane da yashi naira 7,000. Ɗaki na 38, cikin tukunya 27. Bai kai 25 ba, amma ba ya tsalle, kuma ciki duhu ne. Ana jiƙa yashi safe da yamma. Kwalabe na cikin roba mai murfi don kada takardar jikinsu ta jiƙe ta saɓule.

18 ga Afrilu

Samfura biyu na durowa sun yi hazo. Karatu a 600, inda fuloresin ba ya shan komai, ya tashi daga sifili, alamar wani abu na warwatsa haske. Ƙwayoyin cuta ne suka samu bafar fosfet da ɗumi. An aika ɗaya a shuka a ɗakin gwaji don a ga ƙwayar da za ta tsiro. An sake bafa, an tace da matata mai ramin mikiromita 0.22, fakiti naira 9,000. Daga yau kowane karatu sai an haɗa da na 600.

Abin ya tuna mana dalilin da ya sa aka fi son 'yan tsinken takarda masu fuloresin wajen duba gyambon gaban ido. Ruwan fuloresin da aka buɗe aka ajiye sanannen masauki ne na Sudomonas, ƙwayar da ke iya cinye gaban ido cikin 'yan kwanaki. Duk wanda ke jiƙa tsinke da yawa a kwalba ɗaya don ya yi ɗigon mako, ya daina.

23 ga Afrilu

Kakkauran ICG da ya kwana goma sha shida a inkibeta ya fito da sabuwar ƙololuwa siririya a wajen 890, ta 780 kuma ta ragu. Wani salon dunƙulewa ne, inda ƙwayoyin ke jeruwa kamar tubali, zafi da kauri ke kawo shi. A ido ruwan kore ne kamar kullum. Kyamarar da aka saita wa 800 ba za ta same shi yadda take tsammani ba. Launi a ido ba shaida ba ne ga ICG.

29 ga Afrilu

Jimlar kashewa zuwa yau naira 71,500, ban da rinin da aka ba mu da man janareta. Jerin inkibeta na biyu ya cika wata ɗaya, naɗaɗɗen fuloresin bai sauka fiye da kuskuren awo ba. Za a bar shi ya kai wata uku.

An miƙa wa ɗakin magani abu uku a rubuce: allura ta zauna a kwalinta har lokacin buɗewa, kowace kwalbar ICG a rubuta mata ƙarfen da aka narka ta, kuma a janye komai daga bangon bayan firij.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma. Da laima ta shigo sanyin tukunya zai ragu, domin ƙafewar ruwa ce ƙarfinta, za mu ci gaba da rubuta zafinta kullum mu ga ranar da za ta daina biyan wahalarta. Mataki na gaba na tsinken takarda ne. Za a sa su a akwati mai rufuwa tare da kofin ruwan da ya ƙoshi da gishirin girki har ya kwanta a ƙasa, wanda ke riƙe laima a kashi 75, a digiri 40, wasu a ledarsu a rufe, wasu an huda. Ana kuma neman faranti na raba sinadarai don a ga ɓaraguzan da na'ura ba ta gani, da albumin marar azaid. ICG kwalba ɗaya ta rage, ba za a taɓa ta ba sai albumin ya iso.